Yadda na rabu da ƙwannafin dare

Wata shida ƙirjina na ƙuna, ruwan tsami na tasowa har maƙogwaro in na kwanta. Kanwa da madara sukan lafar da shi, sai ya dawo.

A likita nan Maradi aka gano kuskurena: omeprazole, maganin rage ruwan tsamin ciki da nake sha, bayan tuwon dare nake shan shi. Aka ce 20 mg, minti 30 kafin karin kumallo, sati 8, domin ya riga abinci isa. Na ɗaga gado ta wajen kai santimita 15 da bulo, tarin matasai lanƙwasa ciki kawai yake. Cin ƙarshe awa 3 kafin barci, kwanciya gefen hagu, na bar diclofenac (maganin ciwon jiki) da shayin dare.

Alhamdu lillahi, ya lafa. Wahalar haɗiya ko baƙin kashi kuwa, likita nan take.