Yadda Malami a Zariya Zai Nemi Digiri na Biyu Kan Koyar da Yara Masu Galahanga

Duk malamin da ya taɓa samun yaro a ajinsa wanda ba ya amsa kira, ba ya haɗa ido da mutane, yana toshe kunne da zarar an kaɗa ƙararrawa, ya san cewa horon da ya samu a kwaleji bai wadatar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da lalurar galahanga, wadda ake kira autism da Turanci, amma a unguwanninmu, daga Tudun Wada har Samaru, sau da yawa akan ce iskokai ne ko sangarta.

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, a jami'o'in Najeriya galibi ta sashen ilimin masu buƙata ta musamman ake shiga wannan fanni, sannan ɗalibi ya karkata bincikensa zuwa galahanga. Akwai irin wannan sashe a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Jos, da Jami'ar Ibadan. Idan aiki ko iyali ba za su bar ka ka fita Zariya ba, ka je Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ka tuntuɓi malaman nazarin halayyar ɗan Adam da ba da shawara, ka ji ko za su yarda ka gina bincikenka a kan waɗannan yara. Wanda digirinsa na farko ba na koyarwa ba ne, yawanci sai ya fara da babbar difloma ta ilimi, kuma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna tana bayar da ita.

Takardu sanannu ne: sakamakon WAEC ko NECO, shaidar digiri, shaidar hidimar ƙasa, da wasiƙun waɗanda za su tsaya maka. Cikakken sakamakon digiri, wanda tsohuwar jami'arka ce za ta aika da shi, shi ne ya fi cin lokaci, saboda haka ka neme shi tun kafin a fara sayar da fom.

A ganina, malamin da zai duba bincikenka ya fi sunan jami'a muhimmanci. Sassan ilimin masu buƙata ta musamman sun daɗe da ƙwarewa a kan koyar da kurame da makafi, kuma ba kowane malami ne ya yi aiki da yara masu galahanga ba. Ka nemo rubuce-rubucensa ka karanta, ka tambayi ɗaliban da suka gama a hannunsa, sannan ka tambaye shi cikin ladabi inda ɗalibansa suke zuwa gwajin aiki. Shirin karatun da za a gama ba tare da an zauna da yaro ko ɗaya ba, takarda kawai zai ba ka. Kafin jami'a ta kira ka ma, ka nemi makarantar da take karɓar irin waɗannan yara ka yi aikin sa-kai na zango guda, domin a nan za ka gane cewa wani ba ya magana sam, wani kuwa yana haddace surori cikin sauƙi amma ba ya iya jure hayaniyar aji. Ka kuma riƙe iyakarka: tabbatar da lalurar aikin likitoci ne, irin na Asibitin Koyarwa na Shika ko asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, naka shi ne koyarwa.

Wajen zaɓen batu, ka dubi ƙofar gidanka. Sanarwar Salamanka, wadda aka fitar a taron UNESCO na 1994 a ƙasar Sifen, ta yi kira da a koyar da yara masu buƙata ta musamman a aji ɗaya da sauran yara, kuma dokar Najeriya ta hana nuna wa masu nakasa wariya, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilimi. To amma yaya malama ɗaya za ta yi haka a ajin da ya cika maƙil? Yaya katunan hotuna da yaro marar magana yake nuna buƙatarsa da su za su kasance, idan aka sa musu buta da tabarma da kwanon tuwo? Me malaman Islamiyya suka fahimta game da lalurar? Kowace tambaya daga cikin waɗannan ta isa kundi. Kada ka fara tattara bayanai sai da yardar iyaye da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma ka sakaya sunayen yara, domin tsangwamar da iyalansu suke sha ba ƙarama ba ce.

Game da kuɗi, malaman manyan makarantun gwamnati suna iya neman tallafin TETFund, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, ta hannun makarantunsu. Mai sha'awar fita waje ya duba Jami'ar Bamingam ta Ingila, wadda take da cibiyar bincike kan ilimin masu galahanga, da kuma tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya, wanda yake buƙatar gogewar aiki ta shekara 2. Idan kai ma'aikaci ne, ka rubuta takardar neman hutun karatu da zarar sunanka ya fito, kada ka biya kuɗin rajista kafin amincewa ta zo a rubuce.