Dabarar gane "strangely" ba sai da ƙamus ba

Masu shirin jarrabawar BEPC a nan Tawa, ku daina ƙona kuɗin intanet kan wannan kalma ta Ingilishi. Ku cire "-ly" na ƙarshe, ku sa "-ment" na Faransanci. "Strange" shi ne étrange, "strangely" kuwa étrangement.

In ta biyo bayan aikatau, tana faɗin yadda mutum ya yi abu. "He is acting strangely" na nufin yana wasu halaye da ba a san shi da su ba, kamar ba shi ba. In ita ta buɗe jimla, ma'anarta "abin mamaki". Nan na taɓa yin tuntuɓe a aji, mushe, wato malaminmu, ya yi ta dariya.

Amma dabarar ba ta ci ko'ina. "Friendly" siffa ce, "hardly" kuma "da ƙyar" take nufi.