Yadda Ake Yanke Shawara a Wasan Foka da Lissafi

Ɗan wasan foka, wato wasan kati da ake zuba kuɗi a tsakiya, da ya wuce matakin koyo yakan daina tambayar kansa wane kati ne a hannun abokin karawarsa, ya koma tambayar waɗanne katuna ne za su iya sa mutumin nan ya yi abin da ya yi tun daga farkon zagaye. A wasan Texas Hold'em, inda ake amfani da kati 52 masu alama iri huɗu, a ba kowa biyu a ɓoye sannan a buɗe biyar a tebur na kowa da kowa, akwai hanyoyi 1,326 da mutum zai iya samun katuna biyu, kuma kowane motsi na abokin karawa, ko zuba kuɗi ko ƙari ko amsawa (biyan daidai abin da aka zuba), yana rage wannan jeri har ya zama abin da za a iya ƙirgawa.

Ƙirgar ba ta da wuya. Katuna biyu masu daraja ɗaya, kamar A da A (A ne kati mafi girma, K ke bi masa), suna haɗuwa ta hanya 6, yayin da A da K suke haɗuwa ta hanya 16. Idan kana riƙe da A ɗaya, hanyoyin A biyu sun koma 3, na A da K kuma sun koma 12. Idan wani A ya bayyana a kan tebur, sun zama 1 da 8. Katin da ke hannunka kati ne da ba ya hannun kowa, shi ya sa ƙwararru suke zaɓen yin burga, wato zuba kuɗi da hannu marar ƙarfi don abokin karawa ya janye, lokacin da suke riƙe da A na alamar da ta fito sau uku a tebur, domin sun san babu mai riƙe da mafi girman haɗin katuna biyar masu wannan alama.

Bayan ƙirga sai duba farashi. Idan akwai 100 a tsakiya, abokin karawa ya zuba 50, za ka biya 50 ne domin neman tulin da zai zama 200, wato kana bukatar yin nasara sau ɗaya cikin huɗu kafin ka mayar da kuɗinka. Mai jiran kati ɗaya ya cika biyar masu alama ɗaya yana da katuna 9 da za su fisshe shi, kuma idan kati ɗaya ya rage a buɗe, damarsa 9 ce cikin 46, kusan kashi 20 cikin ɗari. Damar ba ta kai sau ɗaya cikin huɗun da ake bukata ba, don haka bai kamata ya biya ba, sai fa idan yana da dalilin tsammanin za a ƙara biyansa bayan katin ya zo, kuma a nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu, domin abokin karawa mai hankali yakan ja baya da zarar kati na uku mai wannan alama ya bayyana a tebur.

Inda ƙirga da farashi suke haɗuwa sosai shi ne bayan an buɗe kati na biyar, na ƙarshe, a tebur. A ce akwai 100 a tsakiya, an zuba maka 100, kana riƙe da hannu matsakaici wanda ba ya cin kowa sai mai burga. Kana bukatar nasara sau ɗaya cikin uku. Ka ƙirga hannayen da suka fi naka ka samu 12, sannan ka ƙirga waɗanda suka yi jira katinsu bai zo ba ka samu 8. Idan mutumin yana burga da dukkansu, 8 cikin 20 kashi 40 ne, amsawa ta dace. Idan kuwa da rabinsu kawai yake yi, 4 cikin 16 kashi 25 ne, sai ka ajiye katinka. Hannunka bai canza ba a duka biyun, halin mutumin ne ya raba hukuncin, don haka lura da shi a zagayen da ba ka ciki aiki ne.

Wannan lissafi yana aiki idan kai ne mai zubawa. Wanda ya zuba daidai da abin da ke tsakiya a zagayen ƙarshe, ya kamata a cikin kowane hannu uku biyu su zama masu ƙarfi, ɗaya burga, ta yadda abokin karawa ba zai samu riba ba ko ya amsa ko ya janye. Tushen wannan tunani shi ne daidaiton da masanin lissafi John Nash ya bayyana a 1950, wato yanayin da babu ɗan wasan da zai ƙaru idan shi kaɗai ya canza dabararsa, kuma a kansa aka gina manhajar Libratus ta Jami'ar Carnegie Mellon, wadda ta doke ƙwararru huɗu a 2017 cikin hannu 120,000. A ganina, daidaiton nan wurin tsayawa ne idan ba ka san mutum ba. Da zarar ka tabbatar ba ya janyewa, ka rage burga ka ƙara girman zubi da hannu mai ƙarfi. Idan mai saurin janyewa ne, ka yawaita matsa masa.

Wajen bitar wasa, ka rubuta hannayen da suka ba ka wahala tun kafin ka manta girman zubi da wurin zaman kowa, har da waɗanda ka ci, domin ana iya cin tuli da shawara marar kyau. Ka sake ƙirga jerin abokin karawa a natse, ka kwatanta da farashin da aka ba ka, sannan ka duba ko kuskure iri ɗaya yana maimaituwa a wuri ɗaya, musamman lokacin da kai ne mai fara magana a zagaye.