Darasi na Tara: Canza Tayar Mota a Ƙofar Gida

Mota ƙarama ta fi tan ɗaya nauyi, kuma duk lokacin da aka ɗaga ta domin a cire taya, kaso mai yawa na wannan nauyi yana komawa ne kan jak, wanda direbobinmu ke ce wa kirik, alhali gindinsa bai fi tafin hannu faɗi ba. Saboda haka abin da ya kamata mai mota ya fara dubawa shi ne ƙasar da motar take tsaye a kai. A Damagaram, da zarar an bar kwalta an shiga lungunan Birni, Zango ko Garin Malam, yawancin ƙofofin gidaje rairayi ne, shi kuwa rairayi yana zamewa a ƙarƙashin jak sannu a hankali har motar ta karkata ba tare da an lura ba. Maganin wannan shi ne katako mai kauri da faɗi, wanda za a shimfiɗa bayan an share rairayin sama an kai ga ƙasa mai tauri. Bulon siminti bai dace ba ko kaɗan, domin yana iya rugujewa farat ɗaya idan nauyi ya taru masa a wuri guda. Idan ƙofar gidan gangara ce, gara a matsa da motar a hankali zuwa wuri mai daidai, ko da tayar ba ta da iska.

Kayan aikin ba su da yawa: jak da hannunsa, sifanar taya, tayar ajiya, katako, duwatsu biyu na tare taya, famfon iska da ma'aunin iska, sai fitila idan dare ne. Sifana mai siffar gicciye ta fi wadda ke zuwa da mota, saboda ana kama ta da hannu biyu, kuma tana da baki huɗu. Notocin ƙananan motoci galibi lamba 17, 19 ko 21 ne, wato faɗinsu a milimita, kuma motocin Toyota da suka yi yawa a garin nan sun fi amfani da 21. Ya kamata a gwada sifanar a kan noti tun kafin ranar buƙata, domin sifanar da ta yi wa noti yawa tana cinye kusurwoyinsa, daga nan kuwa sai makanike.

Kafin a taɓa komai, a kashe mota, a ja burkin hannu, a sa giya ta ɗaya, ko a kai sandar giya kan harafin P idan motar mai canza giya da kanta ce. Kowa ya fito daga ciki, yara kuma su koma gefe. Sai a tare tayar da ke kusurwar da ta yi hannun riga da wadda za a cire: idan ta gaba ta dama ce ta sace, a tare ta baya ta hagu, dutse ɗaya a gabanta, ɗaya a bayanta.

A nan ne masu koyo suka fi yin kuskure, domin hankali yana ba mutum cewa ya ɗaga mota tukuna. Ba haka ake yi ba. Ana sassauta notoci ne tun taya tana ƙasa, lokacin da nauyin mota ke riƙe da ita, a juya kowane noti hagu kamar rabin zagaye, amma kada a cire shi. Wanda ya ɗaga mota kafin ya sassauta zai ga tayar tana juyawa a banza, kuma ƙarfin da zai sa yana iya ture motar daga kan jak. Idan noti ya ƙi motsi, abin da ke yawan faruwa bayan an ɗaure shi da injin iska a garaji, a zura bututun ƙarfe a hannun sifana don ya ƙara tsawo, a danna a hankali. Tsalle a kan sifana, wanda ake gani kullum a bakin tasha, yana karya ƙusar da notin ke hawa.

Kowace mota tana da wuraren da aka ƙarfafa domin jak, a ƙarƙashin gefenta, bayan tayar gaba da kuma gaban tayar baya, kuma sau da yawa akwai ƴan tsaga biyu a jikin ƙarfen da ke nuna wurin. Idan aka sa jak a wani waje, ƙarfen zai lotsa. A ɗaga har tayar ta bar ƙasa da kamar yatsu uku, a tuna cewa tayar da ke da iska ta fi wadda ta sace tsawo. Yana da kyau a kwantar da tayar ajiya a ƙarƙashin gefen motar kafin a cire ta farko, sa'an nan a musanya su, domin ko jak ya zame motar ta sami abin sauka. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ba a kuma miƙa ƙafa a ciki.

A cire notocin a zuba su a kwano ko a aljihu, domin notin da ya faɗa rairayi yana kwaso yashi a haƙoransa, yashin kuma ya hana shi ɗauruwa daidai. A goge fuskar ƙarfen da taya ke zama a kai, a ɗora sabuwar, a mayar da notoci da yatsu har su zauna. Ba a bin su a jere. A ɗaure ɗaya, a tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa, domin tayar ta zauna daidai ta kowane gefe. Ɗaurin ƙarshe sai an sauke mota taya ta taka ƙasa, kuma ƙarfin hannu biyu na babban mutum ya isa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, a sake bin notocin da sifana. Wanda zai kama hanyar Tanut ko ta Gure kada ya raina wannan, domin jijjiga tana sassauta abin da bai zauna da kyau ba.

Saura iska. Adadin da ya dace galibi a rubuce yake a jikin ginshiƙin ƙofar direba, kuma a ƙananan motoci yakan kama daga bar 2 zuwa 2,5 (bar shi ne awon ƙarfin iskar taya). Ana aunawa da safe kafin taya ta yi zafi, musamman a watannin Afrilu da Mayu, domin zafi yana ɗaga awon, sai mutum ya rage iskar da bai kamata ya rage ba. Wasu motocin da ake shigowa da su daga Turai suna zuwa da siririyar tayar ajiya wadda ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Aikinta kawai ta kai mota wurin mai faci.

Tunda an koyi karatun lambobi, a yi amfani da shi a jikin taya. Idan an ga 195/65 R15, to 195 faɗin tayar ne a milimita, 15 kuma girman ƙarfen da take hawa ne a inci, kuma dole sabuwar taya ta dace da wannan. Bayan haruffan DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Wannan yana da amfani ga mai sayen tayar gwanjo, domin taya tana iya zama da zane mai kyau alhali robarta ta tsufa ta fara tsattsagewa. Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya nemi izinin wani mai mota a unguwarsu, ya kwafo waɗannan lambobi daga tayoyinsa huɗu da ta ajiya, ya rubuta shekarar kowace ɗaya a littafinsa.