Kafin ka sayi tsohuwar motar tsere, leƙa ƙarƙashinta

'Yan'uwa masu sha'awar tayar da tsohuwar motar tsere a karon farko, kada ƙyallin fenti ya ruɗe ku. Inji ko ya mutu ana sauke shi a gyara, amma tsatsar da ta ci gindin mota aikin walda ne na wata da watanni.

Ka tafi da tocila, da maganaɗisu, da sukudireba. Ka bi da maganaɗisun a jikin bodin, inda ya ƙi kamawa, wataƙila fila, wato ƙullin cike ramin bodi, aka cusa aka rufe da fenti. Ka ɗaga kafet ka duba daɓen, sannan ka danna sukudireban a ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi. In ya lotsa ko ya ɓurma, ka yi tunani sosai, domin a mota marar rufi irin MGB ko Mazda MX-5 ta 1989, wannan ƙarfen ne ke riƙe da ita. Kafin a yanke shi don a sauya sai an tokare bakin ƙofa da ƙarfe, in ba haka ba bodin zai lanƙwashe, ƙofa ta daina rufuwa.

Wajen kwancewa kuma, ka ɗauki hoton komai, notikan kowane sashe a ledarsu da rubutu a kai.