Idan Alƙalami Ya Cije: Kurakuran da Ke Hana Rubutu Tafiya

Duk mai rubutu ya san wannan hali: ka buɗe kaye ko kwamfuta, ka rubuta layi ɗaya, ka soke, ka yi ta kallon farar takarda har a kira la'asar. Sai mutum ya ce basirarsa ta ƙafe, alhali galibi wasu ɗabi'u ne suka toshe masa hanya.

Wanda ya fi damun marubutan Maradi, a ganina, shi ne tunani da Faransanci. Yawancinmu da shi muka koyi tsara rubutu a lakwal, don haka sai mu gina jimlar a can, mu dawo muna laluben kalmomin Hausa da za su shiga gurbinta. Dole a cije. Maganin nan yana cikin aljihunka. Ɗauki salula, ka danna ɗaukar murya, ka ba da labarin kamar kana gaya wa abokai a fada ana jiran shayi ya nuna. A takarda ka makale kan "hauhawar farashin kayan masarufi", amma da baki za ka ji kanka ka ce, "Tiyar hatsi ta tashi, magidanci ya shiga kasuwa da jaka biyu ya fito da ƴar leda." Wannan ita ce jimlarka. Saurara ka kwafe ta yadda ta fito.

Kusa da wannan akwai jin kunyar harshen gida. Mutum ya tashi yana cewa "tahi" da "hwara", ya zauna rubutu sai ya tilasta wa kansa Kananci tun daga layin farko, yana auna kowace kalma. Daidaitacciyar Hausa tana da amfaninta, ba na musu, amma aikin zagaye na biyu ce. Kuma idan tsohuwar da ke cikin labarinka Bagobirar Tibiri ce, don Allah ka bar ta ta yi maganarta. Abin yana yi mini ciwo in ga an sa mata bakin da ba nata ba.

Sai gyara tun ba a gama ba. Ana tsakiyar tunani a tsaya neman ƙ da ɗ da ɓ, ko a shiga shakkar a sa ƴ irin ta Nijar ko 'y irin ta Najeriya. Kafin a dawo zaren ya tsinke. Sa madannin Hausa na Gboard, manhajar rubutu ta Google, a salularka, ka zaɓi ƙa'ida ɗaya, kalmar da ta ɓace maka kuma ka bar mata fili ka wuce.

Wani lokaci kuwa rumbun ne babu komai a ciki, ba ka san abin da kake son rubutawa ba. A ce labarinka ya faru a tsohuwar Maradi, ta cikin kwari, kafin ambaliyar Gulbi ta 1945 da ta sa aka tayar da gari zuwa tudu. Ko ka kwana bisa kujera ba abin da zai zo, tunda ba ka san yadda aka kwashe kaya ba, ba ka san abin da mutane suka fi baƙin cikin rasawa ba. Rufe kayen, ka tafi unguwar Bagalam ko ta Mokoyo a Maradi, ka durƙusa ka gaida dattijo, ka ce, "Baba, me iyayenku suka gaya muku game da tashin garin nan?" Ka yi shiru ka saurara. Magana ɗaya da zai faɗa tana iya buɗe maka babi sukutum.

Masu jiran ilhama ta sauko su ma suna daɗewa. Ware lokaci kaɗan kullum, ko da minti 20 ne. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin rana ke narkar da mutum, bayan sallar asuba ya fi, kuma a kashe intanet.

Kada ka yi saurin tura shafin farko a zauren WhatsApp. Mutum ɗaya ya kushe, sai ka yi sati ba ka taɓa bik ba. Bari ka kai ƙarshen babi tukuna. In za ka tashi daga aikin yini, tsaya a inda ka san abin da zai biyo baya, ka rubuta shi a gefen takarda da kalmomi biyu ko uku, gobe daga nan za ka ɗora.