Darasi na 6: Kafin Fenti, Ƙwanƙwasa Jikin Jirgin

Jirgin ruwa na faiba ba ya tsatsa, shi ya sa wasu ke zaton ba ya tsufa. Yana tsufa, amma daga ciki. Faiba zaren gilashi ne da aka jiƙa da wani danƙo mai suna rezin, ya bushe ya yi tauri. A yawancin tsofaffin jirage akwai katako a ɓoye cikin faibar, a bangon baya inda ake rataye inji, da ƙarƙashin daɓen da ake takawa. Ruwa kan shiga ta ramin noti ya zauna shekara da shekaru. Katako ya ruɓe, waje kuwa sumul.

Ɗauki ƙaramar guduma ka bi bangon baya kana ƙwanƙwasawa a hankali. Wuri mai lafiya zai amsa ƙas-ƙas. Inda ka ji dum-dum, yi alama da alli. Sai ka kama ƙafar injin ka girgiza ta sama da ƙasa. In bangon yana motsi tare da ita, akwai aiki. Huda ɗan rami daga ciki ka duba garin da ya fito. Fari busasshe, lafiya lau. Baƙi mai danshi da wari, katakon ya mutu, sai a cire shi duka a sa sabo. Kada ka liƙe faiba a kan ruɓa.

Wajen toshe ɓula, goge bakinta ya yi gangare, faɗinsa ninki 12 na kaurin jikin jirgin. In kaurin milimita 5 ne, gangaren ya kai milimita 60. Share ƙurar da asiton, wani ruwan sinadari mai wanke maiƙo, ka bari ya bushe sarai. Rezin iri-iri ne. Wanda ake kira foliyesta yana son maganin daskarewa kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Dama kaɗan-kaɗan, domin a rana mai zafi yakan daskare a cikin kwanon tun kana neman buroshi. Shimfiɗa zanen faiba falle bayan falle, kana danne kumfa. Ka riƙe wannan kuma: ifoksi, wato wani irin rezin na daban, yana kama tsohon foliyesta da kyau, amma foliyesta ba ya kama ifoksi sosai.

Sa takunkumi, tabarau da safar hannu. Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi, tana cutar da huhu.

Kwalliya ita ce mai sauƙi: kujeru, fitilu, launin da ranka ke so. Sai dai duk sabon ramin da ka huda, cika shi da gam mai hana ruwa kafin ka ɗaure noti. Batun inji kuwa, nemi ɗan allon da masana'anta suka manna kusa da mazaunin direba, in yana nan. Ƙarfin dokin da aka rubuta a kai, kada ka wuce shi.